Ƙorafi Kan Cire Wasan "Kai Tukunya Kasuwa" da Ɓata Sunan Alheri Nathaniel

Mu'azu Maikano Utai,
Ta hannun Shagon Gyaran Waya na Audu,
Bakin Tasha, Wudil,
Jihar Kano.

Litinin, 24 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Amintattu,
Dakta Muttaka Ɗan'auta,
Dandalin Matasa Maƙera Wasanni,
Wudil.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: CIRE WASAN "KAI TUKUNYA KASUWA" DAGA GASAR BANA, DA SANARWAR DA TA KIRA MALAMA ALHERI NATHANIEL MAƘARYACIYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa gaisuwa irin wadda ƙarami ke yi wa babba, tare da fatan ka dawo daga tafiyarka lafiya, ka kuma tarar da iyali lafiya. Allah ya ƙara girma da ɗaukaka, amin.

Sunana Mu'azu Maikano, mutumin Utai, ɗalibi a ajin ƙarshe a jami'ar garin nan, kuma ɗan wannan Dandali tun shekarar da aka kafa shi, lokacin da muke zama a kan benci muna karɓa-karɓar laftof ɗaya. Na rubuto ne saboda abokiyar aikina, Malama Alheri Nathaniel, 'yar Billiri ta Jihar Gombe, wadda muke aji ɗaya, muka kuma shiga gasar bana tare. Ba ita ta aiko ni ba. Da ta san zan rubuta ma da ta hana ni, don ta ce ita ta gama magana a kan lamarin. Ni kuwa ban gama ba.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne, ranar Litinin mai zuwa, 1 ga Disamba, za ka sa hannu a kan wasanni biyar da Dandali zai tura baje kolin Kano, inda masu kamfanoni ke zuwa ɗaukar matasa horon aiki. An cire wasanmu daga cikin waɗanda za a auna, an kuma shelanta wa duniya cewa Alheri ta yi ƙarya. Wannan ce shekararta ta ƙarshe a Wudil. In ka sa hannu a haka, da wannan suna za ta koma gida, kuma babu wata gasa a gaba da za ta wanke ta.

Tun da ba ka gari aka yi abin, kuma na tabbata an kawo maka shi a taƙaice, an goge shi tas, ina neman izini in faro daga tushe.

An buɗe gasar ranar Litinin 3 ga Nuwamba, aka rufe ranar Laraba 5 ga wata. Kamar yadda aka saba, mutum biyu-biyu ake haɗawa, a ba su take, su ƙera wasan waya cikin kwana uku, su ɗora shi a shafin Dandali. Daga nan sai a ba da mako biyu, kowa ya sauke wasannin 'yan'uwansa ya buga, ya ba da taurari daga ɗaya zuwa biyar, ya rubuta sharhi a ƙasa. Taken bana shi ne "Riƙe da Kyau".

Ranar buɗewa, sakataren ƙaramin kwamitin gasa, Malam Ja'afar Mudassir, ya tsaya a gabanmu ya karanto ladubban dubawa da bakinsa. Ya ce kada wanda ya ba wasa tauraro sai ya buga shi ya ga inda ya nufa. Ya ce a cikin sharhi a faɗi abin da ya burge, a faɗi abin da ya lalace, cikin mutunci. Ya ce ba a roƙon taurari, ba a musayarsu. Ya ce wanda aka nuna wa matsalar da ke hana wasansa tafiya yana da damar ya gyara, amma dole ya rubuta a shafi cewa ya gyara, ya kuma ambaci wanda ya nuna masa. Muka tafa masa sosai. Shi ma Malam Ja'afar yana cikin masu gasar, da wasansa mai suna "Direban Tirela".

Namu wasan ba wani abin azo-a-gani ba ne. Mai wasa yana tura baro cike da tukwanen ƙasa daga gidan magina zuwa kasuwa ranar Juma'a, ya ratsa tsakanin shanun kara da tireloli da 'yan adaidaita, ya kai kayansa ba tare da sun farfashe ba. Ni na yi zane, Alheri ta rubuta umarnin da ke tafiyar da shi. Ƙarar fashewar tukunya da ke ciki ta gaske ce: gwaggona Rabi ta ba mu tukwanenta da suka tsage a wuta, muka riƙa fasawa a tsakar gidanta muna naɗa, tana ta dariya tana cewa ashe bokon namu a fasa tukwane ya ƙare. Wanda duk ya yi garaje a wasan ba zai kai ko tukunya ɗaya kasuwa ba. Ban ce ya fi na kowa ba. Abin da na ce shi ne yana tafiya daga farko har ƙarshe, kuma a gasar bana wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi:

1. Abin da ake kira "biki", da shirun ƙaramin kwamiti a kansa.

Tun ranar Alhamis 6 ga wata da aka buɗe dubawa, guruf ɗin Dandali na waya ya koma gidan suna. Mutum zai liƙa linkin wasansa da safe, ya sake da rana, ya sake da yamma, wani ya amsa masa da "na yi maka biki", ma'ana ya ba shi taurari biyar, sai shi kuma ya ruga ya rama. Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin biki a ƙasar nan. Wanda ya kawo maka dole ka kai masa, kuma abin kunya ne ka kai ƙasa da abin da ya kawo. A wajen suna da ɗaurin aure wannan zumunci ne, ni ma a cikinsa na tashi, ba na raina shi. Amma sai aka ɗauko shi ɗungurungum aka dasa a inda ake auna aiki. Na ga wanda ya yi wa mutum wajen goma biki yana tsaye a layin mai ƙosai, bai sauke wasan ko ɗayansu ba. Sharhin kuwa iri ɗaya ne ko'ina: "Ma sha Allah, aiki ya yi kyau." Wasan da ke buɗewa, ma sha Allah. Wanda ba ya buɗewa ma, ma sha Allah. 'Yan ƙaramin kwamiti duk suna cikin guruf ɗin, suna gani, ba wanda ya ce uffan.

2. Sharhin da aka ce laifi ne.

Malam Ja'afar na cikin waɗanda suka fara yi mana biki. Kafin wasan ya isa ya gama sauka a waya har taurarinsa biyar sun hau shafinmu. Alheri ba ta roƙa ba, ni ma ban roƙa ba. Ita dai ta ɗauki ladubban nan da ya karanto da gaske, ta riƙa bin wasannin mutane ɗaya bayan ɗaya tsakanin lacca da lacca, tana buga kowanne har inda ya tsaya.

Ranar Juma'a 7 ga wata ta kai ga "Direban Tirela". Zangon farko lafiya ƙalau. Amma da zarar tirela ta hau gada a zango na biyu, sai wasan ya rufe kansa. Ta gwada a wayarta, ta gwada a tawa, muka tafi shagon Audu mai gyaran waya aka gwada a manyan wayoyi da ƙanana, duk abu ɗaya. Ta zauna ta gano dalili: hoton gadar ne ya yi nauyi fiye da kima, in aka rage shi an gama.

Ba ta garzaya shafi ba. Da la'asar ta same shi a ƙofar zauren Dandali cikin mutanensa, ta gaishe shi da "Yaya Ja'afar" kamar kullum, ta ce tana da 'yar magana a kan wasansa in zai ɗan zo gefe. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce duk abin da ke bakinta ta rubuta a shafi kowa ya gani. Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji. Ya zaci yabo aka kawo masa.

Ranar Asabar 8 ga wata ta rubuta, ga shi kalma da kalma: "Yaya Ja'afar, sannu da aiki. Tuƙin ya yi daɗi ƙwarai, musamman yadda motar ke karkata a kwana. Sai dai wasan yana rufewa da an hau gada a zango na biyu. Ina ganin hoton gadar ne ya yi nauyi, in an rage shi zai tafi daidai. In kana so zan taya ka." Ta ba shi taurari uku.

Ranka ya daɗe, don Allah ka nemo mini cin fuska a cikin wannan. Wasan da ke mutuwa a rabin hanya, ai uku ma kara aka yi masa. Mutane da dama sun riga ta ba shi biyar-biyar, kuma babu ko ɗaya da ya ambaci gada, domin babu ko ɗaya da ya buga har ya kai ta. Ita kaɗai ce ta girmama aikinsa har ta bi shi zuwa inda ya karye. Amma an kawo mata biyar ta mayar da uku, kuma a wajen masu biki wannan ya fi zagi ciwo.

3. Taron dangin da aka yi mana.

Daga wannan Asabar zuwa Litinin 10 ga wata, taurari biyar-biyar da aka jibge mana ba mu nema ba suka koma ɗaya-ɗaya. Ranar Lahadi Alheri tana coci wayarta a kashe, ta fito ta kunna ta tarar da shafinmu kamar an watsa masa shara. Wasan bai canza ba, mutanen ma su ne dai. Wanda ya ce "aiki ya yi kyau" ranar Alhamis shi ne ya dawo ya ce bai taɓa ganin shirme irin wannan ba.

Ina roƙo ka karanta sharhin nan da idonka, don akwai abin dariya a ciki in mutum yana da sauran dariya. Wani ya ce kiɗan wasan ya cika ƙara. Babu kiɗa a wasanmu, hayaniyar kasuwa ce kawai da ƙarar tukwane. Wani ya ce jakin ba ya sauri. Babu jaki, baro ne. Wani ya ce tukwanen suna fashewa tun kafin a je ko'ina. Wannan ina gode masa, domin shi aƙalla ya buɗe wasan, garaje ne kawai ya yi masa yawa. Sai kuma wanda ya rubuta cewa wasu sai su zo garin mutane su ce za su koya musu aiki. Wannan shi ya fi ƙona mini rai, wallahi. Shekara huɗu Alheri tana garin nan, rabin 'yan Dandalin nan a hannunta suka koyi yadda ake sa abu ya motsa a fuskar waya, ba wanda ya tuna daga ina ta zo sai ranar da ta faɗi gaskiya.

Na kai kuka ga ƙaramin kwamiti ranar Litinin ɗin. Aka ce kowa yana da 'yancin canza ra'ayinsa.

4. Gyaran da aka yi ta bayan fage.

Wannan shi ne zuciyar maganar, ina roƙo ka tsaya a kansa.

Ranar Talata 11 ga wata, Malam Ja'afar ya cire wasansa daga shafi, ya ɗora wani a madadinsa. An rage hoton gadar, daidai yadda Alheri ta ce. Tirela ta haye gada lami lafiya. Gyara ba laifi ba ne, doka ta ba shi dama, kuma da ma abin da Alheri take so ke nan. Amma doka ta ce ya rubuta cewa ya gyara, ya ambaci wanda ya nuna masa. Bai rubuta ba, bai ambata ba, bai ko yi mata sannu a hanya ba. Ya ci moriyar maganarta, ya bar maganar tana rataye a ƙasan wasan da yanzu ba ya mutuwa. Duk wanda ya sauke shi daga wannan Talata zai hau gada ya sauka lafiya, ya karanta sharhin Alheri, ya ce lallai yarinyar nan ta shara ƙarya.

Washegari Laraba 12 ga wata sai ga shi ya shigar da ƙara gaban ƙaramin kwamiti, wai Alheri ta ƙaga wa wasansa aibin da babu shi don ta karya shi ta ɗaga nata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe ina jin ana zalunci, amma ban taɓa ganin an karɓi magani daga hannun mutum, an sha an warke, sannan aka kai shi ƙara cewa da ma ba a yi ciwo ba.

5. Hukunci ba tare da an ji ta bakinta ba.

Ƙaramin kwamiti ya zauna ranar Alhamis 13 ga wata. Ba a kira Alheri ba, ba a kira ni ba. Mai ƙara kuwa yana zaune a ciki a matsayinsa na sakatare, shi ke rubuta abin da aka tattauna. An ce mini wai bai yi magana ba. To me zai ce, ranka ya daɗe, bayan ga shi zaune ana kallon fuskarsa? Suka sauke wasan a ranar, wato gyararren, suka buga, suka haye gada, suka ce magana ta ƙare.

Da na ji ana zaman, na bar lacca na zo da wayata a hannu. A cikinta akwai "Direban Tirela" na asali wanda na sauke tun ranar 7 ga wata, kuma har yau da nake rubutun nan yana mutuwa a kan gada. Na tsaya a bakin ƙofa na roƙi a ba ni dama in nuna. Aka leƙo aka ce zama ne na 'yan kwamiti kawai. Na ce a karɓi wayar a shiga da ita, ni in tsaya a waje. Aka ce ba a karɓar shaida daga wanda ke da hannu a magana. Mai ƙara yana ciki da biro, ni kuma ina waje saboda ina da hannu a magana. Na tsaya har aka tashi, suka fito suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya, wasu har da tambayata ya karatu.

6. Sanarwar ranar Juma'a 14 ga wata.

Da a ce cire wasan kawai aka yi, da sai mu ce haka Allah ya so. Amma sai aka fitar da sanarwa a guruf da kuma shafin Dandali, da cikakken sunanta, cewa an cire "Kai Tukunya Kasuwa" saboda Alheri Nathaniel "ta saɓa ladubban dubawa ta hanyar rubuta ƙarya a kan aikin ɗan'uwa". An maƙale sanarwar a saman shafi, ita ce abin farko da baƙo zai gani. Wannan shafin ne kuma masu kamfanonin Kano ke leƙawa kafin baje koli, kamar yadda kai da kanka ka sha gaya mana don mu riƙa kula da abin da muke rubutawa.

Maganar ba ta tsaya a Dandali ba. Yanzu a aji in ta shigo sai ka ji wani daga baya ya ce ga Taurari Uku nan ta iso. Masu raba aikin rukuni sun fara tsallake ta. Malamin da ke duba aikinta na kammala karatu ya kira ta ya tambaye ta me ya faru, don an tura masa hoton sanarwar. Mutumin kirki ne, bai zarge ta ba, amma sai da ta tsaya a gabansa tana rantsuwa a kan abin da ba ta yi ba. Na gan ta bayan ta fito. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

7. Wanda ya bi doka shi aka hukunta.

Ladubba huɗu aka karanto mana. An roƙi taurari ƙiri-ƙiri, an yi musayarsu, an ba da su ba a buga ba, an janye su don ramuwa, an yi gyara a ɓoye. Duk wannan ba a ga saɓa ladabi ba. Mutum ɗaya tak da ta bi su duka huɗun, ita aka rubuta wa sanarwa. In haka ake so, to a daina karanto mana ladubban nan a ranar buɗewa, a gaya wa sababbin shiga gaskiya cewa biki muke yi, kowa ya san abin da ya zo yi.

Ba na gaba da Malam Ja'afar. Ya girme ni, ya yi wa Dandalin nan wahala, kuma tuƙin da ke wasansa yana da daɗi, Alheri ma ta faɗa. Da ya rubuta layi ɗaya ya ce ya gyara, ya gode, da ba abin da zai ragu a jikinsa. Amma ya ga gara a ce wata ta yi ƙarya da a ce wasansa ya taɓa faɗuwa.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon Mai Girma Shugaba da ya yi waɗannan kafin ranar 1 ga Disamba:

(a) Ya umarci mai kula da shafin Dandali ya buɗe masa ranar da aka ɗora "Direban Tirela" na yanzu, ya kuma ba ni dama in kawo wayata ya hau gadar nan da hannunsa. Audu mai gyaran waya ya ce a shirye yake ya zo ya faɗi abin da ya gani.

(b) A janye sanarwar 14 ga wata, a fitar da wata a wuri ɗaya, da girma ɗaya, da cikakken sunanta kamar yadda aka yi a farko, cewa Alheri Nathaniel gaskiya ta faɗa. Kada a goge a yi shiru, domin hoton sanarwar ya riga ya zaga wayoyi.

(c) A mayar da "Kai Tukunya Kasuwa" cikin gasa, a ba mutanen da ba su shiga biki ba su buga shi su auna. Ban ce a sa mu cikin biyar ba. In sun buga sun ga bai kai ba, wallahi ni zan fara yi wa waɗanda suka ci murna.

(d) Daga bana, wanda ke da wasa a gasa kada ya zauna a kwamitin da ke yanke hukunci a kanta.

Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri in ƙara abu ɗaya wanda ba ya cikin lamba. Shekara uku muna aiki tare da Alheri, ban taɓa kai mata zane ta bar ni na tafi haka nan ba. Sai ta ce wuyan nan ya yi tsawo, inuwar nan ta faɗi ta inda ba rana, koma ka gyara. Ina jin haushi, ina komawa, kuma duk abin da na iya yau ta haka na iya shi. Ranar Alhamis da ta wuce na kai mata zanen saniya da nake yi wa wani sabon aiki. Ni da kaina na san ƙafar baya a karkace take, gyaran ne ya gagare ni, shi ya sa na kawo. Ta karɓa ta duba. Na ga idonta ya tsaya a kan ƙafar, ya daɗe a wurin. Sannan ta miƙo mini ta ce ya yi kyau.

Abin da ƙaramin kwamitinka ya koya mata ke nan cikin mako biyu, kuma ta koya. Ban ce Allah ya isa ba tukuna, domin har yanzu akwai kai, kuma ba ka sa hannu ba.

Ina neman afuwa in harshena ya yi kaifi a wani wuri, ba raini ba ne, ciwo ne. Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Naka mai biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Mu'azu Maikano Utai,
Mai zanen wasan "Kai Tukunya Kasuwa".